Akta Ma Yana Mutuwa: Lacca a Kan Ingancin Fim Ɗin Get Carter

 

An nemi in yi magana a kan finafinan 'yan daba na Birtaniya, da abin da ke raba mai inganci da na jeka-na-yi-ka. Fagen da faɗi, lokacin kuma ba yawa, don haka na ɗauki fim ɗaya zan tsaya a kansa: Get Carter, wanda ya fito a 1971. Mike Hodges ne ya rubuta tsarinsa ya kuma ba da umarni, Michael Klinger ne furodusa, Michael Caine ne jarumi. In faɗa tun yanzu, fim ne na manya. Akwai tsiraici, akwai zubar da jini, hukumar tace finafinai ta ƙasarsu ma ba ta bari yara su kalla ba. Abin da ya sa na kawo shi gabanku shi ne, a cikin duk finafinan wannan layi da na sani, babu wanda ya kai shi faɗa wa mai kallo gaskiya game da mutumin da ya mai da kisa sana'a.

Ga labarin a taƙaice. Jack Carter yaron gida ne na wasu 'yan'uwa biyu, Gerald da Sid Fletcher, manyan 'yan daba a Landan. Shi ake aikawa idan wani ya ƙi biyan bashi ko ya yi taurin kai. Sai labari ya zo masa cewa ɗan'uwansa Frank ya rasu a garinsu, Newcastle, can arewa maso gabashin Ingila, wai ya sha barasa ya yi tuƙi motar ta ƙwace. Jack bai yarda ba, domin ya san halin Frank. Iyayen gidansa suka ce kada ya je, suna da hulɗa da manyan can, ba sa son a ɓata musu ciniki. Ya hau jirgin ƙasa ya tafi. An ɗauko wannan labari daga littafin Ted Lewis mai suna Jack's Return Home, wanda aka buga a 1970.

In aka tsaya a nan, babu sabon abu. Ɗan'uwa ya tafi ɗaukar fansar ɗan'uwa: Indiya ta yi, Amurka ta yi, Caina ta yi, sau ba adadi. Ingancin yana cikin yadda aka bi da labarin, kuma ba za a gane shi ba sai an san lokacin da aka yi shi.

A shekarun 1960 'yan daban Landan taurari ne. Tagwayen nan Ronnie da Reggie Kray suna da gidajen rawa, suna cin abinci da mawaƙa da 'yan dambe da wasu masu muƙami, shahararren mai hoto David Bailey har ya sa hotonsu a jerin fitattun zamanin a 1965. Jama'a suna ba da labarinsu da sha'awa, ana cewa ai suna girmama tsofaffi, ai junansu kawai suke taɓawa. Shari'ar wata ƙungiyar 'yan daba, ta Richardson, a 1967 ta fito da irin azabar da ake gana wa mutane a ɓoye, sannan a 1969 aka yanke wa tagwayen Kray ɗaurin rai da rai kan kisan George Cornell da Jack McVitie. Asiri ya tonu a kotu, amma a sinima bai tonu ba tukuna. Ɓarawon fim ɗin Ingila na lokacin mai ban dariya ne, mai wayo, wanda za ka so ka sha shayi da shi. Caine da kansa ya fito a irin wannan matsayi a The Italian Job a 1969. To amma Caine ɗan talakawa ne daga kudancin Landan, mahaifinsa ɗan dako ne a kasuwar kifi ta Billingsgate, ya tashi a unguwar da ake ganin irin waɗannan mutane ido da ido. Ya sha faɗa a hirarraki cewa finafinai suna nuna su a matsayin sakarkaru ko 'yan barkwanci, alhali shi ya san ba ko ɗaya. Da wannan sanin ya shiga rigar Jack Carter.

Sai batun gari, wanda a wajena shi ne rabin fim ɗin. Littafin Lewis ya ajiye labarinsa a wani garin ƙarafa na yankin Scunthorpe. Hodges ya zagaya gabar gabashin Ingila yana neman inda zai ɗauka, domin ya san tashoshin jiragen ruwan yankin tun yana aikin soja a rundunar ruwa, ya kuma yi aikin shirin binciken labarai na talbijin mai suna World in Action. Da ya isa Newcastle sai ya tsaya, ya sake rubuta labarin ya dace da garin. Ku lura da wannan, masu ba da umarni: garin ne ya juya rubutun. Layukan gidajen ma'aikata da ke gangarawa zuwa kogin Tyne, da bayan gida a tsakar gida, da gadojin ƙarfe, da jirgin fito da ke ƙetarar da ma'aikata, da filin sukuwar dawaki, da shagon caca, da mashayar da ke kusa da tashar jirgin ƙasa, duk na gaske ne, kuma da yawa daga fuskokin da ke cikinsu mutanen gari ne, ba 'yan wasa ba. Mai ɗaukar hoton, Wolfgang Suschitzky, haifaffen Biyana ne da ya goge a finafinan gaskiya. Yakan ja kyamara baya ya ɗauko daga nesa, ta yadda Caine zai shige cikin jama'a, a ga tsoho yana kurɓar giyarsa, a ga mata suna leƙe ta taga, babu wanda ya san da zuwan wani jarumi.

Wannan dabara tana yin wani aiki da magana ba za ta yi ba. Carter ya sauka da kwat ɗinsa mai tsada, ya shiga mashaya yana ƙyasta wa mai sayarwa yatsa, har yana zaɓen irin kofin da za a zuba masa. Kamar ɗan ci-rani ne da ya dawo gida cikin shadda yana toshe hanci. Ya tsani garin domin garin ne ya haife shi, garin kuma bai yi kewarsa ba. A jana'izar Frank mutanen da suka zo ba su cika hannu ba.

Hodges ya kuma yi bincike. A watan Janairun 1967 an tsinci gawar wani mai suna Angus Sibbet a cikin mota a South Hetton, kisan da aka danganta da cinikin injunan caca na yankin. Hodges ya bi diddigin wannan shari'a, kuma gidan da aka nuna a matsayin gidan bos ɗin fim ɗin, Cyril Kinnear, wato Dryderdale Hall, gidan wani attajirin injunan caca ne na gaske da sunansa ya fito a wancan batu. Haka nan dogon benen ajiye motoci na Trinity Square a Gateshead, inda ɗan kasuwa Cliff Brumby yake shirin buɗe gidan abinci a ƙololuwarsa. Siminti ne tsirara, irin ginin da aka riƙa yi da sunan sabunta gari ana rushe unguwannin talakawa. Shekara uku bayan fitowar fim ɗin, a 1974, aka ɗaure T. Dan Smith, tsohon shugaban majalisar birnin Newcastle, da mai zanen gine-gine John Poulson, kan cin hanci a harkar kwangila. Fim ɗin bai ambaci sunan kowa ba, amma ya riga kotu jin warin. An rushe benen a 2010, yawancin layukan gidajen ma babu su, don haka yau masu tarihin garin sukan koma wa fim ɗin su ga yadda Newcastle take a 1970.

Kiɗa kuwa kaɗan ne. Roy Budd da abokan kiɗansa biyu suka yi shi, akwai tabla ta Indiya a ciki tana tafiya da ƙarar ƙafafun jirgin ƙasa. Bayan an sauka daga jirgi, sai a daɗe ba a ji kiɗa ba, sai iska da ƙarar injuna da kukan jiragen ruwa. Ba a gaya maka inda za ka ji tsoro ko inda za ka ji tausayi.

Yanzu ga inda nake son mu daɗe. Rabin farko na fim ɗin tarko ne, kuma da gangan aka ɗana shi. Carter yana da kwarjini, ba ya ɗaga murya, bakinsa da kaifi. Ya tarar da Eric Paice, direban Kinnear, a filin sukuwa, ya sa hannu ya cire masa baƙin tabarau don ya ga ƙwayar idonsa, Ian Hendry kuma ya yi wasan mutumin da tsoro da ƙiyayya suke cinsa a lokaci guda. Ya kutsa gidan Kinnear ana tsakiyar karta, John Osborne, marubucin wasan kwaikwayon nan, ya tarbe shi da murya ƙasa-ƙasa kamar baƙon arziki, kai mai kallo kana jin cewa wannan laushin ya fi ihu haɗari. An aiko mutum biyu daga Landan su mai da shi, ya kore su da bindiga mai baki biyu, ko tufafi babu a jikinsa, maƙwabta suna kallo. Duk wanda ya kalli waɗannan wurare zai tsinci kansa a bayan Carter, yana jiran ya ga ya gama da su. Mu da muka saba da cewa rama cuta ga macuci ibada ne, ba ma buƙatar a lallashe mu.

Sai fim ɗin ya fara karɓe abin da ya ba mu, a hankali. Akwai wani saurayi, Keith, abokin aikin Frank, wanda ya taimaki Carter don Allah. Carter ya bar shi a hannun abokan gaba, suka yi masa dukan kawo wuƙa. Da ya je duba shi yana kwance fuska a kumbure, bai ce masa sannu da zuciya ɗaya ba, ya jefa masa 'yan kuɗi a kan gado da baƙar magana ya fita. Alun Armstrong ne ya fito a Keith, fim ɗinsa na farko ke nan, kuma ihun da ya bi Carter da shi shi ne karo na farko da wani ya faɗa mana abin da ya kamata mu gani tun tuni.

Daga nan sai babban wurin. Carter yana ɗakin wata mata, Glenda, ta shiga wanka, ya kunna na'urar nuna fim da ke gefen gado don ya rage lokaci. Fim ɗin batsa ne, yana kallo yana murmushi. Can sai aka shigo da wata yarinya, sai ya ga Doreen ce, 'yar Frank, wadda labarin ya riga ya nuna mana cewa mai yiwuwa ma 'yarsa ce ta cikinsa, domin ya taɓa cin amanar ɗan'uwansa da matarsa. Hodges ya bar kyamara a kan fuskar Caine. Babu kiɗa, babu magana, sai ƙarar na'urar. Murmushin ya gushe, hawaye ya zubo. Nan ya gane dalilin kashe Frank: ya gano abin da aka yi wa yarinyar, ya yi niyyar zuwa wajen 'yan sanda, aka ɗura masa barasa aka rufe bakinsa.

Ku koma fitowar farko ta fim ɗin, kafin a rubuta sunaye. Me 'yan Fletcher suke yi a falonsu na Landan? Hotunan batsa suke haskawa a bango suna shewa, Carter yana cikinsu. Wato kasuwar da ta cinye Doreen ita ce kasuwar da ke ɗinka masa kwat. 'Ya'yan wasu ne a bango ran nan, bai dame shi ba. Fim ɗin bai sa wani ya tsaya ya yi wannan bayani ba, ya ajiye fitowa biyu, ɗaya a farko ɗaya a tsakiya, ya bar mai kallo ya haɗa. Wannan shi nake kira rubutu mai inganci, kuma abin da ya sa hawayen Carter ba su wanke shi ba ke nan.

Abin da ya biyo baya ba daɗin kallo, kuma ba a so ya yi daɗi. Ya jefa Glenda a but ɗin motarta ya kulle. A bakin kogi abokan gabansa suka tura motar cikin ruwa ba su san da mutum a ciki ba. Shi ya sani. Yana tsaye yana kallo, ko gira bai ɗaga ba. Ya daɓa wa wani mai suna Albert Swift wuƙa a bayan shagon caca, mutumin yana roƙo. Ya wurgo Brumby daga saman benen nan, gawar ta faɗa kan motar wasu bayin Allah da ke wucewa. Margaret, farkar Frank, wadda ta ba da shi, ya yi mata allurar ƙwaya mai kisa, ya yar da gawarta a harabar gidan Kinnear don 'yan sanda su same ta a can. Wannan kisa na Margaret shi ne ya fi tsaya mini a rai, domin babu fushi a cikinsa, lissafi ne kawai: yana buƙatar gawa a wani wuri, ita ce ta fi sauƙin samu. Ku ƙirga waɗanda suka fi shan wuya a fim ɗin, za ku ga mata ne da ƙananan yara na gida da 'yan kallo. Doreen kuwa, wadda ake cewa don ita ake yi, me ta samu? 'Yan kuɗi a hannu da nasihar ta kiyayi samari. Mai kallon da ya shigo yana cewa ibada ce, a nan zai tambayi kansa wa aka yi wa ibadar, Frank ko girman kan Jack.

Ƙarshen an ɗauke shi a gaɓar teku ta Blackhall, inda mahaƙar kwal take zubar da dattinta cikin ruwa da wasu bokitai masu tafiya a kan waya. Yashin wurin baƙi ne ƙirin. Carter ya kora Eric har can, ya ɗura masa barasa kamar yadda aka yi wa Frank, ya kashe shi da gindin bindiga, ya loda gawar a bokiti ta tafi teku. Ya ɗaga bindigar zai jefar, sai harsashi ya same shi a goshi daga nesa. Maharbin haya ne da Kinnear ya yi wa waya, mai zobe da harafin J. Wanda ya sake kallon fim ɗin zai ga mutumin nan da zobensa zaune a taragu ɗaya da Carter tun a jirgin farko. A gidajen kallo mun taso muna cewa akta ba ya mutuwa. Nan ya mutu, kuma yadda ya saba kashe wasu: wani ma'aikaci ya yi aikinsa, ya naɗe bindigarsa ya tafi. Babu jawabin bankwana, babu mai kuka a kansa.

Fim ɗin yana da aibu, kuma ba zan rufe shi ba. Akwai fitowar Britt Ekland a waya, wadda aka ja ta fiye da buƙata. A ganina a nan fim ɗin ya ɗanɗani abin da yake zargin wasu da sayarwa, kuma hujjar cewa ana nuna halin Carter ne ba ta gamsar da ni ba, tunda da rabin wannan an riga an nuna. Matan labarin kusan dukkansu ba a ba su ran kansu ba, ana ganinsu ne kawai ta inda suka shafi maza. Sannan tsakiyar labarin ya cukuikuye, kallo ɗaya ba ya isa a gane wa ke yi wa wa aiki tsakanin Kinnear da Brumby da mutanen Landan. Mutanen Newcastle kuma sun daɗe suna ƙorafin cewa Caine yana magana da harshen Landan tsantsa alhali an ce ɗan garinsu ne.

Duk da haka, hanya mafi sauƙi ta gane darajarsa ita ce a ajiye shi kusa da waɗanda suka biyo baya. A 2000 Amurkawa suka sake yin sa, Sylvester Stallone ne Carter, aka mai da labarin Seattle, Caine ma ya fito a matsayin Brumby. Labari ɗaya, sunaye kusan ɗaya. Amma aka mai da Carter kawu mai tausayi da ke zama ya rarrashi Doreen, aka bar shi da rai ya ja mota ya tafi. Da aka cire mutuwar da muguntar, sai abin da ya rage ya zama fim ɗin duka irin wanda ake mantawa kafin a kai gida, kuma kasuwa ma ba ta karɓe shi ba.

Sai Guy Ritchie, wanda na san da yawanku kun fi sani, da Lock, Stock and Two Smoking Barrels na 1998, inda Jason Statham ya fara fitowa, da Snatch na 2000. Ina ba shi haƙƙinsa: ya iya saƙa labari, ya iya yanka hoto, ya iya sa dariya. Amma ya mai da ɗan daba inda Caine ya ɗauko shi. A wajensa gawa abin raha ce, ba a ganin uwar mamaci, ba a ganin wanda ya kwana asibiti, kuma Landan ɗinsa ba garin da mutane ke zaune a ciki ba ne, dandali ne. Bayansa aka yi ta zubo kwaikwayo barkatai masu kwat da baƙin tabarau da zagi, babu ko gwanintar tasa. Idan ana neman wanda zai iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa da Get Carter, sai dai The Long Good Friday na John Mackenzie, 1980, inda Bob Hoskins ya fito a matsayin uban daba mai mafarkin zama ɗan kasuwar gine-gine a tsohuwar tashar jiragen ruwan Landan, da kuma Sexy Beast na Jonathan Glazer, 2000, saboda abin da Ben Kingsley ya yi a ciki. Na fifita na Hodges a kan na Mackenzie da ɗan taƙi, domin Hoskins yana barinka ka ci gaba da ƙaunarsa har ƙarshe, Caine kuwa ya yarda ya zubar da farin jininsa a gabanka, a lokacin da yake kan ganiyar tashe.

Da fim ɗin ya fito, masu sharhi da yawa sun yaba gwanintar amma sun ce ya cika sanyin zuciya, kuma a kyaututtukan BAFTA Ian Hendry kaɗai aka sa a takara. Ya ɗauki shekara kusan talatin kafin a dawo a ba shi matsayinsa: a 1999 Cibiyar Finafinai ta Birtaniya ta sa shi na 16 a jerin finafinan ƙasar 100 mafiya daraja, a 2004 mujallar Total Film ta sa shi na ɗaya, a 2022 kuma aka gyara hotonsa aka sake haska shi a sinima, 'yan watanni kafin rasuwar Hodges a Disambar shekarar. Wanda zai nema don nazari, wannan gyararren ya nema, domin a tsofaffin kwafi duhu yana cinye fuskokin mutanen gari da Suschitzky ya sha wahalar ɗaukowa.